Filin Tambaya da Amsa: Rikicewar Agogo da Kwanan Wata a Tsohuwar Kwamfuta Mai Windows da Linux

Da yawa daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun taru ne a kan magana ɗaya, wato agogo da kwanan watan tsofaffin kwamfutocin da aka ɗora wa manyan manhajoji biyu, Windows da Linux, ta yadda mai kwamfutar yake zaɓar wadda zai shiga a duk lokacin da ya kunna ta. Na ware biyar daga ciki, domin kowacce dalilinta dabam ne duk da cewa ƙorafin ya yi kama da juna, na kuma taƙaita su ba tare da na taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya ta farko, daga wani ɗalibi a Zariya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar laftof da na saya ta hannu, ta zo da Windows 7, daga baya na ƙara mata Ubuntu, wato wani nau'in Linux, saboda wani darasi da muke yi. Tun daga ranar, duk sa'ad da na yi aiki da Ubuntu na koma Windows sai in tarar agogo ya koma baya da awa ɗaya cif, idan kuma na gyara shi a Windows na koma Ubuntu sai in ga ya yi gaba da awa ɗaya. Na kai wa mai gyara ya canja ɗan batirin ciki, amma abin bai daina ba. Ko kwamfutar ce ta fara mutuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau, kuma mai yiwuwa ne batirin da aka cire mata ma bai yi komai ba. Abin da ya tabbatar mini da haka shi ne abin da ka faɗa da bakinka, cewa kuskuren awa ɗaya ne cif, mintuna suna nan daidai, kwanan wata bai koma shekarun baya ba. Batirin da ya mutu ba ya yin kuskure mai tsari irin wannan. Duk lokacin da agogon kwamfuta ya rikice, girman kuskuren shi ne abin da ya kamata a fara dubawa kafin a kashe ko sisin kwabo, domin shi ne yake nuna inda cutar take.

A cikin kowace kwamfuta akwai agogo biyu. Na farko yana kan babban allon da ke cikinta, wanda masu gyara suke kira madabod, yana tafiya da ɗan batirinsa ko da an kashe kwamfutar an zare ta daga wuta, kuma shi ne agogon da mutum yake gani idan ya shiga BIOS, wato shafin saituttukan madabod da ake iya shiga da zarar an kunna kwamfuta, kafin Windows ko Linux ta tashi. Na biyu na babbar manhaja ne, yana rayuwa ne kawai muddin kwamfutar tana kunne. Idan aka kunna kwamfuta, manhajar takan leƙa agogon madabod ta karanta abin da ya nuna, ta ɗora nata lissafin a kai, idan kuma ta samu sahihin lokaci daga intanet sai ta koma ta rubuta shi a kan agogon madabod ɗin. To, shi wannan agogo lambobi kawai yake riƙewa, shekara da wata da rana da awa da minti da daƙiƙa, ba shi da wurin da zai rubuta ko lokacin wace ƙasa ne. Kowace manhaja ita take yanke wa kanta hukuncin abin da lambobin suke nufi, kuma a nan ne Windows da Linux suka saɓa.

Windows tana ɗaukar cewa abin da ke kan agogon madabod lokacin gari ne, irin wanda ke jikin bangon ɗakinka. Linux kuwa, idan ba a ce mata ta yi wani abu dabam ba, tana ɗaukar cewa lokacin duniya ne na bai-ɗaya, wanda ake kira UTC, sannan ita ta ƙara ko ta rage gwargwadon shiyyar da kake. Nijeriya tana gaban UTC da awa ɗaya duk tsawon shekara. Saboda haka idan ƙarfe 10 na safe ta yi a Zariya kana cikin Ubuntu, abin da za ta rubuta a agogon madabod shi ne ƙarfe 9. Da ka koma Windows sai ta karanta 9 ta nuna maka 9, tana ganin lokacin Zariya ke nan. Kai kuma ka mayar da shi 10, Windows ta rubuta 10 a madabod, Ubuntu ta zo ta karanta 10 a matsayin UTC, ta ƙara awa ɗaya, ta nuna maka 11. Haka za su yi ta yi, kowacce tana ɓata gyaran 'yar'uwarta. Wannan saɓani yana taɓa kwanan wata ma, domin wanda ya shiga Windows tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya zai ga tana nuna masa kwanan jiya, duk fayil ɗin da ya ajiye a wannan tsakani kuma da kwanan jiya zai fita.

Saɓanin yana da asali. Kwamfutar IBM PC ta farko da ta fito a 1981 ba ta da agogo mai batir ko kaɗan, sai dai manhajar DOS ta tambayi mutum kwanan wata da lokaci a duk kunnawa, idan bai rubuta komai ba ta ɗauka ranar 1 ga Janairu 1980 ce. A 1984 ne samfurin PC/AT ya zo da agogo mai batir, aka riƙa saita shi da lokacin gari saboda abin da DOS ta sani ke nan, Windows kuma ta gaji wannan al'ada ta riƙe ta domin kada tsofaffin manhajoji su rikice. Ita kuwa Linux ta bi tsarin Unix ne, wanda yake ƙirga daƙiƙoƙi tun daga ranar 1 ga Janairu 1970 a lokacin UTC, tsarin da ya fi dacewa da na'urorin da suke magana da juna daga garuruwa masu nisa.

Maganin shi ne a sa ɗaya daga cikinsu ta bi ra'ayin ɗayar, kuma hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce a ce wa Linux ta riƙa ajiye lokacin gari. Ka shiga Ubuntu, ka haɗa ta da intanet, ka tabbatar agogon da take nunawa daidai yake, sannan ka buɗe tagar rubuta umarni ka rubuta:

sudo timedatectl set-local-rtc 1

Bayan haka ka rubuta timedatectl shi kaɗai, za ka ga layin da ke cewa "RTC in local TZ" ya koma "yes". Wasu suna ƙara --adjust-system-clock a ƙarshen umarnin, amma aikin wannan ƙari shi ne ya sa Linux ta ɗauko lokaci daga agogon madabod maimakon ta rubuta nata a kansa, don haka idan agogon Ubuntu daidai yake ba ka buƙatarsa. A tsofaffin Ubuntu da suka gabaci 2015, da kuma Debian (shi ma wani nau'in Linux ne) da suka gabaci 2013, gyaran yana cikin fayil ɗin /etc/default/rcS ne, inda ake mayar da UTC=yes ya koma UTC=no.

Hanya ta biyu ita ce a ce wa Windows ta riƙa ajiye UTC. Ana yin haka ne a rumbun saituttukanta da ake kira Registry, ta hanyar buɗe tagar umarni da ikon shugaban kwamfuta a rubuta:

reg add "HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\TimeZoneInformation" /v RealTimeIsUniversal /t REG_DWORD /d 1 /f

sannan a kashe kwamfutar a sake kunnawa a gyara agogo sau ɗaya.

Idan ka bi hanya ta farko, Ubuntu za ta fito maka da gargaɗi cewa ajiye lokacin gari a agogon madabod yana iya kawo matsala. Gargaɗin gaskiya ne, amma ya fi shafar mutanen ƙasashen da suke tura agogonsu gaba da awa ɗaya a lokacin zafi su dawo da shi baya a lokacin sanyi, domin a can kowace manhaja tana iya yin nata canjin a kan canjin ɗayar. Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi ba sa wannan canji. Shawarata gare ka ita ce ka bi hanya ta farko, domin layi ɗaya ne, kuma warware shi layi ɗaya ne, ka mayar da 1 ta koma 0. Wanda yake da Windows XP ko Vista ma kada ya kusanci hanya ta biyu, saboda waɗannan biyun ba su cika riƙe wannan saiti ba, musamman bayan kwamfuta ta yi barci ta farka. Mai karatu da yake zaune a Ingila ko Amurka da Windows 7 ko wadda ta biyo bayanta, shi hanya ta biyu ce ta fi masa. Abin da nake roƙo shi ne a yi ɗaya kawai, domin na sha ganin wanda ya yi duka biyun don neman tabbaci, ya mayar da saɓanin inda yake, sai dai ya juya masa fuska.

Tambaya ta biyu, daga wata mai shagon buga takardu a Maraɗi: Kwamfutar tebur ce muke aiki da ita a shago, tana da Windows 10 da Linux Mint. Kullum da safe idan muka kunna sai ta tsaya da wani rubutu tana neman a danna F1, idan ta shiga Windows kuma kwanan wata ya koma shekaru da yawa baya, burauza ta ƙi buɗe shafuka tana cewa agogonmu ba daidai ba ne. Abin mamaki, idan muka shiga Linux ba ta komawa can baya, lokacin da muka tashi jiya take nunawa. Mene ne abin yi?

Amsa: Hajiya, a nan kam batirin ne, kuma alamominsa sun cika. Kuskuren da ya kai shekaru, wanda yake komawa kan kwanan wata guda da ba ya canjawa a duk lokacin da kwamfuta ta kwana ba wuta, tare da saƙon F1 tun kafin a kai ga zaɓen manhaja, yana nufin agogon madabod ya tsaya cikin dare, BIOS kuma ya mayar da shi ranar da aka rubuta masa tun daga masana'anta. Abin da kika gani a Linux bai kore wannan ba. Yawancin Linux na yanzu suna ajiye tarihin lokaci na ƙarshe da suka sani a rumbun ajiya, idan suka tashi suka tarar agogon madabod yana bayan wannan lokaci sai su tura nasu agogon zuwa can har a samu intanet. Wannan dabara tana da amfani, sai dai tana ɓoye mutuwar batir, shi ya sa a kullum nake cewa a duba agogon a cikin BIOS kai tsaye. Ana shiga ne da danna wani maɓalli da zarar an kunna, F2 a yawancin na'urorin Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad da ThinkCentre na Lenovo, Del kuma a yawancin kwamfutocin da aka harhaɗa. Ki saita lokaci a can, ki kashe, ki zare waya daga bango na tsawon awa ɗaya ko biyu, ki sake shiga. Idan ya ɓace, magana ta ƙare.

Batirin a kusan dukkan kwamfutocin tebur shi ne CR2032, mai kama da kwabo, faɗinsa milimita 20, kaurinsa milimita 3.2, daga nan ma sunan ya fito, ƙarfinsa kuma bolt 3. Irinsa ne a cikin makullan mota masu rimot da yawa da na'urorin awon sukari, don haka ana samunsa wurin masu gyaran agogo. Sabo yakan nuna sama da bolt 3 kaɗan a kan mitar awon wuta, wanda ya sauka ƙasa da haka sosai kuwa ya gama aiki. Akwai dalilin da ya sa yake saurin ƙarewa a wurarenmu. Muddin kwamfutar tebur tana haɗe da wuta, ko da a kashe take, akwai 'yar wutar da take ci gaba da shiga madabod tana ciyar da agogon, batirin yana hutawa. Inda ake yawan ɗauke wuta, ko ake kashe soket kowane dare don tsoron wuta mai ƙarfi, batirin ne yake ɗauke da nauyin dukan waɗannan sa'o'i, ga kuma zafi da yake rage wa kowane batir kwana. Kwamfutar da aka shigo da ita ta hannu kuma ta riga ta cinye wasu shekarun batirinta a ƙasar da ta fito da kuma ɗakin ajiya.

Kafin a cire tsohon, ina ba da shawarar a shiga BIOS a ɗauki hoton kowane shafi da waya, kuma wannan ya fi muhimmanci ga kwamfuta mai manhajoji biyu. Cire batir yana iya mayar da saituttukan BIOS yadda suka zo daga masana'anta, ciki har da jerin abin da kwamfuta za ta fara tashi da shi, da zaɓin tsakanin tsohon tsarin tashi da sabon da ake kira UEFI, da kuma yanayin da ake magana da rumbun ajiya, ko AHCI ko IDE. Idan wannan na ƙarshe ya canja daga yadda yake sa'ad da aka ɗora Windows, tana iya ƙin tashi ta nuna shuɗin allo, mutum ya ɗauka ya yi asarar aikinsa, alhali mayar da saitin kawai ake buƙata. Tun da kwamfutarki ta riga ta saba mantuwa kuma tana tashi a haka, wataƙila ba za ki gamu da wannan ba, amma hoton ba ya cin kuɗi. Sai a kashe ta, a zare wayar wuta, a danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don ragowar wutar ta fita, a taɓa ƙarfen akwatin da hannu, a tura ɗan harshen ƙarfen da ya riƙe batirin, zai tashi da kansa. Sabon yana shiga ne fuskar da ke da alamar + tana sama. Tsohon kuma a kawar da shi inda yaro ba zai kai hannu ba, domin haɗiye irin wannan batir yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i.

Ga masu laftof akwai ƙarin hattara. A da yawa daga cikinsu batirin yana naɗe cikin roba da 'yan wayoyi biyu da ɗan fulogi, wani lokaci ma a ƙarƙashin maɓallan rubutu, kuma wasu suna amfani da irin wanda ake yi wa caji, kamar ML1220. Ba a sa batirin CR a gurbin wanda ake yi wa caji, saboda madabod zai riƙa tura masa wuta alhali ba a yi shi don haka ba. A karanta lambar da ke jikin tsohon a nemo irinsa.

Bayan an sa sabon batir, a saita kwanan wata da hannu a cikin BIOS, a kuma lura cewa yawancinsu suna fara rubuta wata ne kafin rana, irin na Amurka, don haka 03/04 yana nufin 4 ga Maris. Kada a bar wa intanet wannan aiki, domin Windows a kwamfutar gida takan ƙi gyara kuskuren da ya wuce awa 15 da kanta, tsofaffinta irin su Windows 7 kuma sau ɗaya a mako suke neman lokaci. Ƙin buɗe shafuka da burauza take yi shi ma zai wuce da zarar kwanan wata ya daidaita. Kowane shafi mai tsaro yana gabatar da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kwamfutar da take ganin tana shekaru goma baya kuwa za ta ɗauka takardar ba ta fara aiki ba tukuna. Dalili ɗaya ne yake sa Linux ta ƙi sauke sabuntawa tana cewa fayil ɗin "is not valid yet". Idan bayan wannan duka kika ga saura kuskuren awa ɗaya tsakanin Windows da Mint, to amsar da na ba ɗalibin Zariya ta shafe ki, domin Nijar da Nijeriya lokacinsu ɗaya.

Tambaya ta uku, daga wani ɗan kasuwa a Kano: Na sayi laftof 'yar Ingila a watan Mayu, agogonta bai taɓa kuskure ba a Windows ko a Linux, sai a ƙarshen Oktoba ya koma baya da awa ɗaya a dukkansu. Ɗan'uwana da ke Kumasi yana da irinta da manhajoji biyu, ya ce shi bai taɓa ganin matsalar agogo ba.

Amsa: Alhaji, ka duba shiyyar lokacin da aka saita wa kwamfutar, ina kyautata zaton za ka tarar tana kan Landan. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, Ingila tana gaban UTC da awa ɗaya, daidai da Kano, shi ya sa ba ka lura da komai ba tun Mayu. Da suka mayar da agogonsu baya sai kwamfutarka ta bi su. Gyara lambobin agogo da hannu ba zai ɗore ba, domin da ta samu intanet za ta koma lokacin Landan. A Windows ka zaɓi shiyyar da aka rubuta wa "West Central Africa", a Linux kuma ka rubuta:

sudo timedatectl set-timezone Africa/Lagos

Mutanen Nijar nasu Africa/Niamey ne, na Cadi Africa/Ndjamena, na Kamaru Africa/Douala. Shi kuwa ɗan'uwanka, Ghana tana kan UTC ne daidai duk shekara, don haka lokacin gari da lokacin duniya abu ɗaya ne a wurinsa, Windows da Linux suna saɓawa a fahimta amma lambar da suke rubutawa ɗaya ce. Da a Khartoum yake, kuskuren awa biyu zai gani, a Makka kuma awa uku.

Tambaya ta huɗu, daga wani mai gyaran kwamfuta a Jos: Akwai wata tsohuwar kwamfuta a hannuna mai Windows XP da tsohon Debian. Na canja batir, na sa Debian a kan lokacin gari, agogon BIOS yana daidai, Windows tana daidai, amma Debian kullum da kuskuren da ba shi da tsari take tashi, yau minti ashirin, bayan kwana uku sama da awa. Wani lokaci ma tana tsayawa tana cewa lokacin da aka buɗe rumbu na ƙarshe yana nan gaba.

Amsa: Malam, ka yi duk abin da ya kamata, saura fayil ɗaya, /etc/adjtime. Layi uku ne a cikinsa. Na uku yana ɗauke da kalmar UTC ko LOCAL, lambar farko ta layin farko kuma ita ce adadin daƙiƙoƙin da Linux take ganin agogon madabod yana ɓatarwa ko ƙarawa a kowace rana. An yi wannan ne da kyakkyawar niyya. Agogon yana tafiya ne da ɗan kiristal mai kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa, kuma ko lafiyayye yakan kauce da daƙiƙa ɗaya ko biyu a rana, kusan minti ɗaya a wata, don haka manhajar hwclock take auna kaucewar ta riƙa cike giɓin. Sai dai tsofaffin hwclock suna sake lissafa wannan lamba da kansu a duk lokacin da suka rubuta lokaci a madabod, kuma ba su da hanyar sanin cewa wani ne ya taɓa agogon. Idan Windows ta motsa shi da awa ɗaya, ko batir ya mutu, ko kai ka gyara shi a BIOS, sai su ɗauka kiristal ɗin ne ya kauce haka, su rubuta wata ƙatuwar lamba, daga nan kuma su riƙa yin gyaran ƙarya a duk tashi, wanda yake ƙaruwa da yawan kwanakin da suka wuce. Abin da ka bayyana ke nan daidai. Daga fitowar util-linux 2.26, wato tarin manhajojin da hwclock take ciki, a 2015 aka daina wannan lissafi sai idan mutum ya nema.

Ka buɗe fayil ɗin ka duba lambar farko. Idan ta wuce 'yan daƙiƙoƙi, ka daidaita agogon Debian tukuna, ka goge fayil ɗin, sannan ka rubuta:

sudo hwclock --systohc --localtime

Wannan zai rubuta sahihin lokaci a madabod ya kuma ƙirƙiri sabon fayil mai tsabta. Kada ka manta da --localtime, domin goge fayil ɗin ya tafi da kalmar LOCAL, idan ba ka maimaita ta ba kwamfutar za ta koma UTC, saɓanin awa ɗaya da Windows ya dawo. Saƙon da kake gani game da rumbu ɗan wannan matsalar ne. Tsarin ajiya na ext3 da ext4 yana rubuta lokacin da aka buɗe shi na ƙarshe, idan kwamfuta ta tashi da agogon da yake bayan wannan lokaci sai manhajar binciken rumbu ta yi zargin ɓarna. Ka bar ta ta gama bincikenta sau ɗaya bayan gyaran.

Idan kuwa wata rana ka gamu da kwamfutar da agogon BIOS ɗinta da kansa yake ɓatar da mintuna a rana ɗaya da sabon batir, ka fara duba mazaunin batirin, domin tsatsa ko ƙura ko harshen ƙarfe da ya saki suna hana wuta wucewa sosai. Idan mazaunin lafiya lau ne, to kiristal ɗin ne ya gaji, kuma mai iya aikin dalma yana canja shi. A wasu na'urori na shekarun 1990 ba za ka ga batir ba sam, saboda yana rufe cikin wani baƙin akwati na kamfanin Dallas mai lamba DS1287 ko DS12887, wanda ake canjawa gaba ɗaya. Inda gyaran bai cancanci kuɗinsa ba, a kunna neman lokaci daga intanet a manhajojin biyu, a Linux na yanzu da sudo timedatectl set-ntp true, a kuma sani cewa lokacin ba abin dogaro ba ne har sai kwamfutar ta haɗu da intanet.

Tambaya ta biyar, daga wata malamar makaranta a Sakkwato: Na ji an ce a shekarar 2038 agogon tsofaffin kwamfutoci zai tsaya. Kwamfutocin ɗakin karatunmu tsofaffi ne masu Windows da Linux, ko abin zai shafe mu?

Amsa: Malama, maganar tana da tushe, amma ba agogon madabod ta shafa ba. Na ambata cewa tsarin Unix yana ƙirga daƙiƙoƙi daga farkon 1970. Inda aka ajiye wannan ƙirga a ma'auni mai bit 32, lambar za ta cika a ranar 19 ga Janairu 2038 da ƙarfe 3:14 na dare a lokacin UTC, wato 4:14 na asuba a Sakkwato, daga nan manhajar da ba a gyara ba za ta ga kamar an koma Disamba 1901. Linux mai bit 64 ba ta da wannan iyaka, kuma tun daga fitowar ƙwayar Linux 5.6, wato ginshiƙin manhajar, a 2020 aka buɗe hanyar da na'urori masu bit 32 ma za su tsallake ta, idan an sabunta manhajojin da ke kansu. Ki rubuta uname -m a kowace kwamfuta. Wadda ta amsa da x86_64 ba ta cikin wannan magana. Wadda ta amsa da i686 tana kan Linux mai bit 32, sai ki sa a rubuta lscpu a ga ko injinta yana ɗaukar bit 64, domin da yawa daga cikin kwamfutocin da aka ƙera daga wajen 2007 suna ɗauka, an dai ɗora musu manhaja mai bit 32 ne kawai, kuma sake ɗora mai bit 64 ya wadatar.